Yadda tsoron 'yan gurguzu ya haifar da inshorar ma'aikata a Jamus

A shekarar 1878, sau biyu ana yunƙurin hallaka Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya. Shugaban gwamnati Otto von Bismarck ya ɗora alhakin a kan masu ra'ayin gurguzu, ya kuma shawo kan majalisa ta amince da dokar da ta haramta ƙungiyoyinsu da tarukansu da jaridunsu. Sai dai ya san cewa sanda kaɗai ba za ta raba ma'aikatan masana'antu da jam'iyyar da ke magana da yawunsu ba.

Saboda haka ya ɓullo ta wata hanya. A 1883 aka kafa inshorar lafiya, inda ma'aikaci ke biyan kashi biyu cikin uku, mai kamfani ya cike sauran. Inshorar haɗarin aiki ta biyo baya a 1884, nauyinta kacokan a wuyan masu kamfanoni. A 1889 kuma aka kafa fansho ga wanda ya kai shekara 70 ko ya naƙasa. A tunanin Bismarck, wanda ke jiran fansho daga gwamnati ba zai so ya ga rushewarta ba.

Amma haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. Ma'aikata sun karɓi inshorar, suka kuma ci gaba da zaɓen 'yan gurguzu. A zaɓen 1890 jam'iyyarsu ta fi kowace yawan ƙuri'u, kimanin miliyan 1.4. A watan Maris na shekarar Bismarck ya sauka daga mulki, daga baya dokar haramcin ta mutu. Inshorar kuwa tana nan har yau, kuma ƙasashe da dama sun yi koyi da ita.