Kujerar Yaro a Motar Zuwa Gida

Idan aka tambayi dattijuwa a gidan Bahaushe yaushe aka haifi wane, da wuya ta ambaci lambar shekara. Za ta ce shekarar da aka kai wance ɗaki ne, ko bayan dawowar Alhaji daga Makka, ko ana saura kwana kaɗan a yi arba'in ɗin Malam. Da sha'ani ake ƙirga shekarar iyali, kuma kusan kowane sha'ani sai an hau hanya. Magidancin da ke aiki a Abuja ko yake kasuwanci a Legas, alhali tushensa na Funtuwa ko Haɗeja, ya san jerin ba sai an rubuta masa ba: Sallah ƙarama da babba, sunan da ke zuwa ranar bakwai ko an yi albashi ko ba a yi ba, ɗaurin aure bayan kaka in amfanin gona ya shigo, rakiyar mahajjata da tarbarsu, saukar karatun ɗan ƙane, sai ta'aziyya wadda ba ta sallama. Jerin yana nan yadda yake. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne waɗanda ke shiga motar. A da gida guda ake ɗebowa, yanzu kuwa maigida ne shi kaɗai, ko uwargida ita kaɗai, a je a wakilci sauran a juyo washegari. Yara aka fara saukewa, kuma a ganina cikin duk tsimin da matsin rayuwa ya tilasta wa iyalai, wannan ne zai fi cin mu a gaba.

Ba wanda ya isa ya zargi iyaye da rashin dalili. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa. Kafin 2024 ta ƙare ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota a tasha ya bi sahu, direba kuma ba ya rage wa yaron da ya isa ya zauna a kujera shi kaɗai. Mai 'ya'ya biyar da ya lissafa zuwa da dawowa, ya ɗora tsarabar da ba a shiga gida babu ita, dole ya yi tagumi. Mafita mafi sauƙi ita ce ya je shi ɗaya, a ga fuskarsa a wurin ɗaurin aure, ya fita kunyar dangi. Ya kuwa fita. Sai dai fita kunya haƙƙin yau kawai yake saukewa, ita kuma tafiyar iyali akwai wani aikin da take yi wanda ba a ganin amfaninsa sai bayan shekara ashirin.

Aikin shi ne miƙa dangi daga hannu zuwa hannu. Yaro ba ya sanin baffansa daga kawunsa don an zana masa a takarda. Yana sani ne in ya ga inda mahaifinsa ke cire takalmi ya durƙusa, in ya ji wadda ke kiran mahaifiyarsa da sunan da ba wanda ke kiran ta da shi a birni, in kakarsa ta tsokane shi da cewa mijinta ya zo hannu rabbana, in ɗan goggonsa ya tare shi da wasan taubasantaka har ya gane cewa wannan zolayar tana da doka da iyaka. A nan yake ganin gonar da wata rana za a raba gadonta da sunansa a ciki, da mutanen da za su ba da shaidar iyakarta. Wanda ya karanta littafin Baba of Karo, tarihin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954, zai ga yadda rayuwar mace guda ta ginu a kan zirga-zirgar biki tsakanin ƙauyuka, da gudummawar da ake kaiwa a mayar da ƙari, da riƙon 'ya'yan dangi. Baba ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, domin ta raini 'ya'yan 'yan'uwa. Shi ma Abner Cohen, da ya yi nazarin Hausawan Sabo na Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan bashi da amana yake tafiya, amanar kuma daga sanin juna take fitowa. Haka abin yake har gobe. Wanda zai sama wa matashi wurin koyon sana'a a Kantin Kwari, ko ya sauke shi in ya zo karatu Zariya, ko ya tsaya masa waliyyi in mahaifi ya kwanta dama, galibi mutum ne da ya san shi tun yana yawo da gajeren wando.

Za a ce ai akwai waya. Gaskiya ne, tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 nisa ya ragu ƙwarai, yau kuma da wuya a sami dangin da ba su da zaurensu a WhatsApp, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, ake tara gudummawa, ake turo hotunan ango da amarya. Wannan alheri ne babba, musamman ga wanda ke Kumasi ko Jidda. Amma waya zumuncin da ta tarar take rayawa, ba ta iya dasa sabo. Uba yana iya shafe rabin sa'a yana hira da yayarsa don sun tashi ɗaki ɗaya. In ya miƙa wa ɗansa ya ce gai da Goggo, yaron zai ce ina wuni, ya amsa lafiya lau sau biyu, ya mayar da wayar, don bai san muryar wa yake ji ba. Ga shi kuma ita kanta wayar ba abin dogaro ba ce a ko'ina: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba mai jin ɗuriyar nasa. Da magabata suka ce zumunta a ƙafa take, sun san saƙon baki da wasiƙa, duk da haka ƙafar suka ambata.

Maganar tsaro ta fi wannan nauyi, kuma ba zan rage mata komai ba. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe fasinjoji aka kwashe wasu, na ƙarshensu ba su fito ba sai Oktoba, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba, alhali mutane sun koma jirgin ne don gudun hanyar mota. Akwai garuruwa a Zamfara da yankin Birnin Gwari da yammacin Katsina da babu uban kirki da zai ɗauki ƙananan yara ya nufa don kawai a ce ya je. Dangin da iyaka ta raba tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, su ma sun ɗanɗana: an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da aka yi a ƙetaren iyakar a Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Inda hanya ta zama haka, haƙuri shi ne daidai. Abin lura dai shi ne mutanen ake nufi da ziyara, kuma mutane suna iya motsawa. Ana iya haɗuwa a gidan wani ɗan'uwa a Gusau ko Kano, ana iya ɗauko tsohuwa ta yi wata guda a wurin jikokinta. Sa'annan mu faɗa wa kanmu gaskiya, iyalai da yawa da suka daina zuwa da yara hanyar garinsu lafiya lau take.

Sai mu koma ga kuɗin, tunda shi ne ainihin dalilin mafi yawa. A nan ya kamata a duba inda kuɗin sha'ani ke tafiya. Bikin aure guda a birni yanzu yana iya cin anko kala biyu ko uku, da kamu, da dina a zauren haya, da mai hoto, da kayan rabo masu ɗauke da sunan amarya. Kuɗin ankon uwa da ɗinkinsa kaɗai sau da yawa ya isa kujerar yara biyu zuwa da dawowa. Idan dole a yanke, a yanke a nan. Kuma ban ga laifin iyali su zauna tun farkon shekara su ce sha'ani kaza aike za mu yi da ban haƙuri, amma tafiya ɗaya ta kowa da kowa ce, su shiga adashi dominta kamar yadda ake yi wa ragon layya. Na san rashin ganin mutum a ɗaurin aure abin magana ne a dangi. To amma ƙorafin da ake yi wa wanda bai zo biki ba yana wucewa da an ga ya zo da iyalinsa ya kwana bakwai, shi kuwa wanda ke leƙowa kowane sha'ani shi ɗaya, wata rana za a tambayi sunayen 'ya'yansa a rasa mai kawo su. Malamai kuma suna yawan tunatar da mu hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito, wanda ya danganta sada zumunci da yalwar arziki da tsawon kwana, ban kuwa taɓa jin an danganta su da anko ba.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa a fili ba. Zuwa gida ba kullum yake da daɗi ba: ga masu buƙata a ƙofa tun asuba, ga tsegumin facaloli, ga matar da za ta kwana bakwai cikin surukai tana taka-tsantsan da kowace kalma, ga yaran birni da sauro da ruwan rijiya. Wannan duk gaskiya ne, kuma nauyinsa a kan mata ya fi sauka. Adalcin da zai sauƙaƙa shi shi ne a raba tafiyar, bana dangin uba baɗi dangin uwa, domin sau da yawa in an ce gida, gidan su maigida kaɗai ake nufi, a bar kawunnai da innoni sai in rasuwa ta faru.

Lokacin da za a zaɓa ma abin tunani ne. Kowa Sallah yake hari, ga kwalliya, ga nama, ga hawan Daushe ga mutanen Kano, amma hutun gwamnati yawanci kwana biyu ne, kuɗin mota a lokacin yake tashi, hanya kuma ta cika. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Sallar tana ja da baya kowace shekara: a 2024 an yi babbar Sallah 16 ga Yuni, a 2025 aka yi ta 6 ga Yuni, tana ƙara nisa da dogon hutun makaranta na Agusta. Shi kuwa dogon hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da 'yan cirani suka dawo noma, ƙauye ya cika da mutanensa, yaro zai ga gero tsaye a gona ya kai wa masu aiki abinci da kansa. Sai dai a tuna lokacin ne rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, saboda haka mai zuwa da baki shida ya haɗa da buhun masara ko shinkafa a cikin kayansa, kuma ya tambayi halin da hanya take ciki bayan ruwa kafin ya sa rana.