Yadda Ake Gyara Kaushi da Tsagewa a Jikin Allo da Alƙalami

Iyalai da yawa da suka baro Wad Madani a Disamban 2023, ko Sinja da ƙauyukan Sinnar a tsakiyar 2024, ba su samu ɗauko allunan yara ba. Shi ya sa ake ta sassaƙa sababbi a sansani. Sai dai allon da aka yi cikin gaggawa yakan fito da kaushi: tawada ta baje, bakin alƙalami ya karce, yaro ya kasa bambance ba'un da ta'un. Galibin waɗannan aibobi suna gyaruwa ba tare da an sake saran itace ba.

A fara da zaɓen itacen. Masassaƙa a Mai Wurno da sauran garuruwan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu sun san aduwa, wadda Larabawa ke kira hijlij: itacenta mai tauri ne, yana kuma yin sumul. In katakon ɗora kayan agaji kawai aka samu, a duba hatimin da ke gefensa. Mai alamar HT da zafi aka gasa shi, babu laifi. Mai alamar MB an turara shi da maganin ƙwari, kada a yi allo da shi. Haka ma katako mai fenti, domin yara na lasar allo, wasu gidaje kuma ana shan rubutu.

Kaushi shi ne ya fi yawa. A kankare fuskar da gefen wuƙa ko gutsuren kwalba (babba ne zai yi wannan, a binne gutsuren bayan an gama), sannan a goge da takardar yashi, wato sanfara, mai lamba 120, a bi da 220. A riƙa bin tsawon itacen yadda jijiyarsa ta kwanta. Wanda ya gitta zai bar zane-zane, kuma tawada a cikinsu take taruwa.

Ga inda akasari ake kuskure. Allo zai yi santsi a hannu, amma wankin farko sai kaushin ya dawo, saboda ruwa na tayar da ƙananan zaruruwan da guga ta kwantar. Maganinsa a riga ruwan: a shafa da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe a inuwa, a sake gogewa a hankali da mai laushin. Sau biyu ya isa. Bayan haka a shafa farar ƙasa ko jir kamar yadda aka saba a halwa.

Loɓawa, in dai itacen bai yanke ba, tururi ke tayar da ita. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a wurin, a danna da cokalin ƙarfe da aka ɗumama a garwashi, a maimaita har ta cike.

Tsagewa kuwa daga ɗanyen itace ko shanya a rana take zuwa, kuma daga baki take somawa. A huda ɗan ƙaramin rami daidai inda ta tsaya don kada ta ci gaba. Wasu na cike ta da ƙaro da garin itace. Wannan ya yi wa abin da ba ya taɓa ruwa, amma allo kullum wanke shi ake yi, ƙaron narkewa zai yi. Gam ɗin kanti kuma a tsayar da shi a mariƙi ko gefe, kada ya hau wurin rubutu. In tsagar ta shiga tsakiya, a rage allon a ba ƙaramin yaro. Man gyaɗa ko na riɗi ya dace da muciya da ƙotar fartanya, amma a fuskar allo hana tawada kamawa yake yi.

Alƙalami ba ya ɗaukar lokaci. A zaɓi busasshen kara mai ƙwari, a feƙe, a tsaga bakin kaɗan. In yana karce, a goga bakin sau biyu ko uku a kan sanfara mai laushi. In tsagar ta zarce, a yanke a sake feƙewa daga sama.