Tafiyar Ƙasa da Hawan Tudu ga Mai Ciwon Parkinson: Daga Lungunan Nima zuwa Duwatsun Akwapim

Ciwon Parkinson, wanda a zangunan Akra irin su Nima da Mamobi aka fi kira ciwon karkarwa ko rawar jiki, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke tasowa sannu a hankali sakamakon mutuwar wasu ƙwayoyin halitta da ke can tsakiyarta, waɗanda aikinsu shi ne samar da dofamin, wato sinadarin da ke daidaita saƙon motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya bayyana siffofinta a rubuce a shekarar 1817, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da ita sun haura miliyan 8.5, adadin da ya ninka cikin shekaru 25. Ko da yake karkarwar hannu ce idon jama'a ya fi gani, abin da ya fi raba mai ciwon da harkokinsa shi ne nauyin motsi da sandarewar jiki da rashin daidaito a tsaye, domin su ne suke cin tafiya, tafiya kuwa ita ce ke kai mutum masallaci da kasuwa da gidan suna da wurin jana'iza.

Tafiyar mai wannan ciwo tana da kamanni da duk wanda ya zauna da shi zai gane. Takunsa yakan gajarce har ya zama jan ƙafa, hannu ɗaya ya daina lilo a gefensa, gadon baya ya ranƙwafa, wani lokaci kuma takun ya riƙa ƙara sauri ba da son ransa ba, yana bin nauyin jikinsa da ya rinjaya gaba. Mafi ban tsoro shi ne abin da likitoci ke kira daskarewar taku, inda ƙafafu ke maƙalewa a wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu alhali mutum yana son wucewa, kuma an lura cewa wannan ya fi aukuwa a bakin ƙofa, da wurin juyawa, da matsattsen wuri, da cikin cunkoso, da lokacin da hankali ya rabu biyu. Wanda ya san Nima ya san cewa waɗannan su ne ainihin siffofin unguwar: lungu da ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, kwata a buɗe da aka gitta wa katako, babur yana danna ƙaho a baya, mai tallan koko tana tahowa a gaba da tire a ka, ga kuma maƙwabci yana miƙo gaisuwar da ba a ƙin amsawa. Dattijon da ya tsaya cak a irin wannan wuri, mutane suna cewa "Baba, taka mana", ba taurin kai yake yi ba, kuma gaggauta shi ƙara ɗaure ƙafar yake yi.

A nan ne wani abin mamaki yake, wanda ya sa batun hawan tudu bai zama wauta ba. Ciwon ya fi lalata tafiyar da jiki ke yi da kansa ba tare da tunani ba, amma hanyoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsin da aka yi da niyya da lura ba su lalace haka ba, saboda haka mai ciwon da ya kasa ratsa tsakar ɗaki yana iya hawa matakala lafiya, tun da kowace matakala tana nuna wa ido inda za a sa ƙafa. Masu aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi suna amfani da wannan ta hanyar zana layuka a ƙasa don majinyaci ya riƙa tsallakawa, ko ƙirga "ɗaya, biyu" da murya, ko bin kiɗa mai daidaitaccen bugu. Hanyar tudu, da duwatsunta da saiwoyinta da faɗin sararinta, tana ba da irin waɗannan alamu, kuma babu mai ƙaho a baya.

Binciken zamani ya ƙarfafa wannan. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018, an raba sababbin majinyata 128 da ba su fara shan magani ba, aka tarar cewa waɗanda suka yi tafiya mai ƙarfi a kan na'urar motsa jiki na tsawon wata 6 alamunsu kusan ba su ƙaru ba, alhali na waɗanda ba su yi ba sun ƙaru. Wani gwajin a ƙasar Holan a 2019, da majinyata 130 masu tuƙa keken girke a gida, ya nuna makamancin haka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce motsa jiki yana warkarwa, domin har yau ciwon ba shi da maganin da ke kawar da shi. A aikace kuwa, a 2011 wata tawaga da ta haɗa da masu ciwon Parkinson ta hau dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, kuma tsakanin 2017 da 2018 wani Ba'amurke mai ciwon, Bill Bucklew, ya ratsa Amurka da ƙafa, tafiyar da ta haura mil 2,500. Irin waɗannan mutane galibi suna farkon ciwon ne, da likita da magani a hannu, don haka ba ma'auni ba ne ga kowane tsoho, amma sun isa hujja a kan mai cewa da zarar hannu ya fara rawa tafiya ta ƙare.

Mazaunin Akra ba ya buƙatar zuwa Tanzaniya. Duwatsun Akwapim suna farawa ne a arewacin birnin, kuma hanyar da ta tashi daga Ayi Mensah ta hau zuwa Peduase, kan hanyar Aburi, ta daɗe da zama wurin da ƙungiyoyin motsa jiki ke takawa da asubahin ƙarshen mako. Lambun itatuwa na Aburi, wanda aka buɗe a 1890, yana da inuwa da hanyoyi masu sauƙi ga mai farawa. Dutsen Afadjato a yankin Volta gajere ne amma a miƙe yake, kuma bai dace ba sai ga wanda ya daɗe yana atisaye. Doguwar tafiyar ƙasa dai ba baƙuwa ba ce ga mutanen zango, tun da fataken goro sun yi ta takawa wata da watanni daga Kano, ta ƙasar Bargu, zuwa kasuwar Salaga a Gwanja, kuma watsewar Salaga bayan yaƙin basasar 1892 tana cikin abin da ya ƙara cika zangunan kudu.

A hawan tudu, haɗarin ya fi yawa a gangara, inda saurin takun da aka ambata ke iya kifar da mutum, shi ya sa sanduna biyu da takalmi mai kama ƙasa da abokin tafiya suka zama dole, silifas kuwa a bar su a gida. Ciwon da magungunansa suna sa jini ya faɗi idan an miƙe tsaye, zafin Akra da gumi kuma suna ƙara wannan, saboda haka fita bayan sallar asuba da yawan shan ruwa sun fi dacewa. Babban maganin ciwon, lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, yana da sa'o'in da yake aiki da sa'o'in da yake saki, kuma mai hankali yakan sa hawan mai wuya a lokacin da maganin ke kan aiki. Abinci mai gina jiki, irin su ƙosai da wake da nama da wagashi, yana takara da maganin wajen shiga jini, don haka ake ba da shawarar haɗiye shi kamar rabin sa'a kafin cin abinci. Yanke shi kwatsam yana da haɗari ƙwarai, abin da ya kamata mai niyyar azumin Ramadan ya tattauna da likita, ga shi kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Matsalar Gana ita ce likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, mafi yawansu a manyan asibitoci irin su Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi, maganin yana da tsada, kuma iyalai da yawa suna ɓata shekaru suna cewa tsufa ne, ko sammu, ko jifa. Wani bincike da likitocin Italiya da na Gana suka buga a 2014, wanda ya kwatanta majinyata 91 na Gana da takwarorinsu na Italiya, ya nuna cewa jinkirta fara lebodofa ba ya kare mutum daga matsalolin motsi da kan zo daga baya, domin waɗannan suna bin daɗewar ciwon ne da yawan abin da ake sha. Ma'anar wannan ita ce shekarun da aka yi ba magani asara ce kawai. Masu binciken sun kuma yi nazarin 'ya'yan ƙarara, tsiron nan mai ƙaiƙayi, saboda suna ɗauke da sinadarin lebodofa, sai dai ƙarfinsu ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma sha ba awon likita ganganci ne.

Ga Musulmin zango akwai tafiya ɗaya a ƙasar duwatsu da ta fi kowace muhimmanci, wato aikin hajji, inda sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina a cikin cunkoso da zafi, cunkoso kuwa yana cikin abubuwan da suka fi tayar da daskarewar taku. An halatta keken guragu ga mai uzuri, amma maniyyacin da ya yi watanni yana takawa kullum zai fi jurewa.

Al'adar girmama manya takan sa 'ya'ya su shimfiɗa wa Alhaji ko Hajiya tabarma su ce "zauna ki huta" ko "kada ka wahalar da kanka", su karɓe duk wani aike. Niyyar mai kyau ce, amma zaman yana ƙara sandarewa, yana rage ƙarfin cinya, yana kuma jawo faɗuwar da ake gudu. Iyalin da suka ga hannu yana rawa a lokacin hutu, ko taku ya gajarce, su kai dattijonsu Babban Asibitin Mamobi ko wani asibiti mafi kusa don a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, sannan su ware ɗa ko jika da zai riƙa raka shi tafiyar minti 20 zuwa 30 kowace safiya a fili mai faɗi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da likita ya yarda.