Ko Kun Sani? Ruwan Lagireto Ya Fi Saurin Tafasa a Jos

A Daɗin Kowa da sauran unguwannin Jos, ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96 na ma'aunin Selsiyas, ba 100 ba. Dalili kuwa, garin yana kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu. Lafiyayyen murfin lagireto kan matse ruwan har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Amma da zarar robarsa ta ci ko tiyo ya fara yoyo, sai ruwan tsohuwar mota ya riƙa tafasa da wuri yana ƙafewa. Idan ruwan ya ƙafe injin kan yi zafi, zafin kuma kan sa baƙin mai ya tsinke, ƙarfin zagayawarsa ya ragu, har jar fitilar mai ta kama.