Marainiyar Da Ta Yi Wayo A Gwandu

Yau labarin wata yarinya na kawo muku. Kowa ya san ta bayan ta girma ta shahara, amma ba kasafai ake tambayar yadda ta tashi ba. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Ɗegel cikin 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Ko wayo ba ta yi ba Allah ya yi wa mahaifiyarta Maimuna rasuwa, riƙonta ya koma hannun sauran matan Shehu, wato kishiyoyin uwarta. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, cikin 1804. Tun daga ran nan zama bai zaunu ba. Aka yi Tabkin Kwatto, aka yi Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka yi shahada, aka ratsa Zamfara, kana aka sauka Gwandu a 1805. Ba abokan gaba kaɗai ke tayar da jama'a ba, har da yunwa, don mai ƙaura ba shi da rumbu. Ba a daɗe da sauka ba kuma aka sha kashi a Alwasa, yaƙi ya biyo mutane har ƙofar Gwandu. To ku ƙiyasta 'yar shekara 12 a cikin wannan hali, ga duwatsu, ga hunturu, ga zawarawa da marayu cike da gida. Yarinyar da ta ga haka ba sai an koya mata darajar tsaba da ta ruwa ba, daji ya riga ya koya mata.

Amma daji ba ya koyar da baƙi da wasali. Wannan aikin gida ne. Duk wuyar da aka shiga, mutanen gidan Shehu ba su raba ta da allo ba, ba su ce marainiya ce, ta tsaya bakin murhu ba. Cikin shekarun zaman Gwandu aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, karatu kuwa bai tsaya ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, daga baya ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajojin da ke kai ilimi ga matan ƙauye. Ta rasu a 1864.

Abin da ya tuna mini da ita, ina koyarwa ne a ƙasar Kalgo, inda arzikinmu yake cikin fadama. A 2020 ambaliya ta cinye shinkafar mutane a jihar Kabi. Da aka koma makaranta sai na ga wurin wata ɗalibata ba kowa. Yarinya ce mai kai, ita ke gaya wa 'yan aji irin gajimaren da ke ɗauke da ruwa da wanda iska ce kawai, don kakarta ta koya mata. Na bi sawu har gida. Ashe uwarta ta rasu, matar uba ke riƙonta. 'Ya'yan uwar gida biyu suna zuwa makaranta, ita an ɗora mata farantin talla.

Ban zagi baiwar Allah nan ba, kuma kada ku zage ta. Rumbu ya ruɓe, bakuna da yawa, dole wani ya fita nema. Tambaya ɗaya na yi mata: "Yaya, da aka tashi zaɓen wadda za ta bar aji, me ya sa ba a yi shawara ba sai hannu ya tafi kan marar uwa?" Ta yi shiru, ta ce in gaishe da gida.

Sau uku ina komawa. A na ukun muka shirya cewa tallan na yamma ne, kuma 'yan matan uku za su riƙa karɓa-karɓa. Ran Litinin yarinyar ta shigo aji da guntun fensir, ta tarar mun wuce ta da babi biyu a lissafi. Kafin hutu ta cim mana.