Gwanjo a Ƙofa, Shari'a a Ciki: Tsohuwar Kotun Sent Luwis

Yau Amurka muka nufa, jihar Mizuri, birnin Sent Luwis da ke bakin kogin Misisifi.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin ya san katafaren bakan ƙarfen nan mai tsayin mita 192, wanda aka kammala a 1965. To, in kun sake cin karo da hoton, ku sauke ido ƙasa kaɗan. Tsakanin ƙafafun bakan za ku hangi wani farin gini mai koriyar ƙubba, dogayen benaye sun sa shi a tsakiya. Mutanen gari Tsohuwar Kotu kawai suke ce masa. Shi ma tsayinsa 192 ne, sai dai nasa ƙafa ne, ba mita ba.

Asalinsa kotun gunduma ce, kuma a Amurka ta wancan zamani aikin irin wannan kotu bai tsaya kan ɓarayi da masu kisa ba. Can ake rajistar fili, can ake rabon gado, can mai bin bashi ke kai kukansa, can baƙo ke rantsuwar zama ɗan ƙasa. Ku riƙe batun gado da bashin nan, za mu dawo kansa.

A 1816 wasu manyan gari biyu, Auguste Chouteau, wanda da shi aka kafa garin tun 1764, da alƙali John Lucas, suka ba da filin kyauta, bisa sharaɗin kotun gunduma ce za ta zauna a kansa har abada. A 1828 aka gama wata 'yar kotu ta jan bulo. Ba ta daɗe ba ta yi kaɗan, domin jiragen ruwa masu tururi sai kwararo jama'a suke yi. Garin da bai wuce mutum 5,000 ba a 1830 ya haura 160,000 a 1860.

Saboda haka a 1839 aka aza harsashin sabon gini, zanen wani Henry Singleton. Ɓangare huɗu ya tsara, gabas da yamma, kudu da arewa, duka sun haɗu a wani zagayayyen zaure na tsakiya. Fuskar ginin kuwa irin ta tsoffin haikalin Girka ce, manyan ginshiƙai a jere, ba ado ba kwalliya. Amurkawan lokacin sun kamu da son wannan salo, wai don Girka ce mahaifar dimokuraɗiyya. Da aka buɗe zauren a 1845, ya zama dandalin gari. A cikinsa Sanata Thomas Hart Benton ya tsaya a 1849 yana kira a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har bakin tekun Fasifik.

Amma fa gini ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shekara 23 aka kwashe ana abu ɗaya. Masu zane suna sauyawa, kowa ya zo sai ya gyara aikin na gabansa. 'Yar kotun nan ta 1828 ma tana maƙale a jikin sabuwar har 1851, lokacin da aka rushe ta aka ɗora ɓangaren gabas a gurbinta. Wato alƙalai na shari'a, magina na buga guduma a bayan bango.

Ƙubbar ce ta zo ƙarshe. William Rumbold ya zana ta, ya ɗauko siffarta daga ta majami'ar Sent Fita da ke Roma, amma ba da dutse ya yi tasa ba. Haƙarƙarin ƙarfe ya tayar, suka lanƙwaso suka haɗu a ƙololuwa, kamar yadda maginanmu ke ɗaura baka da azara a soron sarauta, sannan aka lulluɓe bayan da tagulla. Ruwa da iska ne suka mayar da tagullar koriya. Wasu sun rantse ƙubbar za ta rufto wa jama'a, sai da aka ƙera ƙaramin samfurinta aka jibga masa nauyi, ya tsaya cak, kafin a sakar masa mara. An gama a 1862, ana tsakar yaƙin basasa, tun ba a ƙarasa ƙubbar majalisar dokoki ta Washinton ba. A shekarar ne Carl Wimar, haifaffen Jamus, ya zana hotuna huɗu na tarihin yankin can sama a cikinta. Tarin fuka na cin sa yana aikin, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Ya rasu yana ɗan shekara 34.

To, mu sauko daga sama, mu fito matakalar ƙofa.

Mizuri jihar bauta ce, kuma a idon dokarta bawa dukiya ne. Idan mai bayi ya mutu gado ya ƙi rabuwa, ko bashi ya ci shi, kotu kan ba da umarnin a sayar da kayansa. A kan matakalar nan, ƙarƙashin ginshiƙan dimokuraɗiyyar Girka, ake kaɗa ƙararrawar gwanjo: fili, gida, mace da goyonta. Aikin ofis ne, da takarda da sa hannu.

Abin mamaki, a cikin ginin kuma doka ta bai wa bawa damar kai ubangijinsa ƙara. Tun 1824 kotun ƙolin jihar ta kafa ƙa'ida cewa duk bawan da aka kai ya zauna a inda aka haramta bauta ya 'yantu, kuma ko an dawo da shi 'yancin ba ya warwarewa. Sama da ƙara 300 irin wannan aka shigar a Sent Luwis, waɗanda suka yi nasara ba su kai rabi ba.

Ranar 6 ga Afrilun 1846 Dred Scott da matarsa Harriet suka kawo tasu, kowa da takardarsa. Ubangijinsu, John Emerson, likitan soja ne. Ya zauna da Dred a jihar Ilinoi, sannan a sansanin Fort Snelling da ke Minesota ta yau, duka wuraren da babu bauta, kuma a can Dred ya auri Harriet. Likitan ya mutu a 1843, matarsa Irene ta ci gaba da ba da su haya tana karɓar kuɗin. Dred ya nemi fansar kansa da iyalinsa, ta ce a'a. Ga 'ya'ya mata biyu, Eliza da Lizzie, kuma doka ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi. Shi ya sa a ganina takardar Harriet ta fi ta mijinta nauyi, ko da yake sunansa duniya ta riƙe.

Zaman farko, a watan Yunin 1847, sun faɗi a kan abin dariya in ba don ran mutane ne ba. Shaidarsu, wani Samuel Russell, ya ce shi ya ɗauke su haya daga hannun Irene Emerson. Da lauya ya matsa masa, sai ya amsa cewa matarsa ce ta ƙulla cinikin, shi ji ya yi. Shaidar ji ba ta tsayawa a kotu. Ke nan an kasa tabbatar da cewa Irene ce ke riƙe da su, don haka aka bar su a hannun Irene. Aka sake zama a watan Janairun 1850, kuma wannan karon masu taya alƙali yanke hukunci, mutum 12, dukkansu Turawa, suka ce iyalin Scott 'ya'ya ne.

Daga nan sai shari'ar ta yi ta hawa, tana hawa tana lalacewa. A 1852 kotun ƙolin Mizuri ta rushe hukuncin, ta yi fatali da ƙa'idarta ta shekara 28. Ranar 6 ga Maris 1857 kotun ƙolin Amurka, alƙalai bakwai cikin tara, ta bakin shugabanta Roger Taney, ta ce baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da hurumin kai ƙara kotun tarayya, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sabbin yankuna. Shekara huɗu bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. Sai gyaran tsarin mulki na 14, a 1868, ya share wancan hukunci.

Su iyalin Scott kuwa ba su jira yaƙi ba. Irene ta sake aure, kuma sabon mijin, Calvin Chaffee, ɗan majalisa ne mai adawa da bauta. Jaridu suka sa shi a gaba. Aka miƙa iyalin ga Taylor Blow, ɗan ubangijin Dred na farko, shi kuma ya kawo su wannan kotu ranar 26 ga Mayun 1857 ya 'yanta su. Dred ya yi dako a wani otal na wata 16, tarin fuka ya ɗauke shi a Satumban 1858. Harriet ta kai 1876.

In kun je kuna neman ɗakin da aka yi waɗannan zaman biyu, ba za ku gan shi ba. A ƙasan ɓangaren yamma yake, kuma gyaran da aka soma a 1855 ya cinye shi, tun shari'ar ba ta ƙare ba. Babu wanda ya ga dalilin adana shi a lokacin.

Wasu ma sun ratsa ta ginin. Ulysses Grant, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, nan ya 'yanta bawansa William Jones a 1859. Virginia Minor, da aka hana ta rajistar zaɓe a 1872 don ita mace ce, nan ta kawo ƙara, tare da mijinta, domin matar aure ba ta da ikon shigar da ƙara ita kaɗai. Ta faɗi a nan, ta faɗi a kotun ƙolin Amurka a 1875, kuma mata ba su samu ƙuri'a a duk faɗin ƙasar ba sai 1920. A 1878 kuma, a matakalar gwanjon nan, ɗan jarida Joseph Pulitzer ya sayi wata jarida da ta karye kan dala 2,500.

Birnin ya ɓalle daga gundumar bayan ƙuri'ar 1876, gunduma ta koma Clayton ta gina tata kotun. A 1930 alƙalan birni ma suka tattara suka koma sabon bene. Jin haka, zuriyar Chouteau da ta Lucas suka tuno da sharaɗin kakanninsu na 1816, suka kai ƙara a mayar musu da filinsu tunda an daina shari'a a kansa. Kotu ta hana su. A 1940 birnin ya miƙa ginin ga hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya, ya zama gidan tarihi, kuma a 2012 aka kafa mutum-mutumin Dred da Harriet a harabarsa ta kudu.