Kira Ga Iyaye Da Malamai Kan Zaɓen Kwas A Ƙasar Bici

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda yaranmu na ƙasar Bici ke zaɓen abin da za su karanta.

Ni malamin sakandare ne, kuma na lura yaro ba ya zaɓen abin da ya iya, sai abin da yake ganin ya dace da irinsa. Akwai ɗalibina da duk injin ban-ruwan da ya lalace a ƙauyensu shi ake kai wa. Na ce masa ya shiga ajin kimiyya ko Allah zai sa ya zama injiniya, sai ya yi dariya, wai "Malam, ai wannan na 'ya'yan birni ne." Ya bi abokansa ajin adabi. To, injiniyanci sai da lissafi da fiziks da kemistiri, ka ga tun yana aji huɗu ya rufe wa kansa ƙofa, tun kafin a zo maganar fom ɗin JAMB. Alhali makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi 'ya'yan talakawa birjik.

Wasu kuma girman suna ke ruɗarsu. Kowa likita, har wanda ba ya iya kallon jini! Gurbi kaɗan ne, sai yaro ya yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita jarrabawa.

Abin da ya fi damuna shi ne noma. Ɗan manomi, ya san ƙasa, ya san taki, amma kunyar karanta aikin gona yake ji, wai kada a ce ya yi boko ya koma riƙe fartanya. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga noman rani a Watari kusa da mu. Ita kuwa Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke nan Bici, wasu sun mai da ita wurin fakewa in an rasa jami'a.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu su riƙa zama da kowane ɗalibi da mahaifinsa kafin a raba aji huɗu, a tambayi yaro abin da hannunsa ya fi gwanancewa a kai. A kuma riƙa gayyato 'yan asalin ƙauyukanmu da suka zama injiniyoyi da malaman gona su yi wa yara magana, maza da mata.



Naka,
Wani malami,
Bici, Jihar Kano.